Shayin Lahadi a Gidan Ockenden

Mahaifina, Barnabas Ockenden, da harshensa ya yi arziki, amma ba ta hanyar surutu ba, ta hanyar ɗanɗano. Tun yana yaron shago a bakin tashar jiragen ruwa ta garinmu Harnsea aka gane cewa in ya kurɓi shayi ya juya shi a baki ya tofar, zai faɗa maka ƙasar da aka tsinko ganyen, ya kuma faɗa maka ko ruwan teku ya taɓa akwatin a hanya. Ruwan garinmu mai alli ne, shayi komai tsadarsa in aka dafa da shi sai ya fito salaf kamar ruwan wanki. Baba ya duƙufa yana ta gauraya ganyen yankin Assam da na tsibirin Silon har ya samo haɗin da ruwanmu bai iya kashe masa daɗi. Ya ƙunshe shi a shuɗiyar takarda, ya sa masa farashin da matar lebura za ta iya saya ba tare da ta yi dogon tunani ba. Kafin a haife ni, shuɗin ƙunshin nan ya riga ya shiga kusan kowane ɗakin girki a yankinmu, Baba kuma ya gina babban gida a kan tudun da ke kallon tashar.

Ciwonsa guda ɗaya ne, tara kaya. Ba jirgin da zai tsaya a tasharmu 'yan jirgin ba su hau tudu da wani abu a nannaɗe cikin tsumma ba, domin labari ya bazu har ƙasashen da ba mu san sunansu ba cewa akwai wani attajirin shayi da ba ya mayar da baƙon abu. Ganguna, sarewa, mashi, fuskokin katako, ƙananan kwale-kwale, wuri da katantanwar teku, malam-buɗe-littafi jere a cikin akwatunan gilashi. Shi ma in ya tafi sayen ganye a gabas, da kaya ninki biyu yake dawowa. Mahaifiyata Lavinia mace ce mai tsafta da ibada, wadda ba ta son ko ƙura ɗaya a kan tebur, sai ga ta tana zaune da busasshen kada a zaurenta. Ta taɓa buɗe kabad ɗin zannuwan gado ta tarar da damin kibau a ciki. Ta kira shi ta nuna masa, ta tambaye shi ko akwai dafi a jikinsu. Ya ce yana kyautata zaton babu. Ta ce to a ɗauke su kafin zatonsa ya kashe wani.

Duk wannan kaya, ba mai ganinsa sai mu da 'yan baƙin da ke zuwa cin abinci.

Abin da ya sauya lamarin ya faru ne a masana'antarmu, ranar da Baba ke raba wa ma'aikata kyautar Kirsimeti. Shugabar matan da ke ƙunshe shayi wata ce Misis Hepzibah Gudgeon, ƙatuwar mace mai murya kamar ta mai tallan kifi, wadda ba ta tsoron kowa. Da ya miƙa mata nata kason, sai ta riƙe ba ta wuce ba.

"Yallaɓai, in tambaye ka mana. Na tsufa ina ƙunshe ganyen nan. Wai a bishiya yake fitowa, ko a ƙasa yake kwance kamar kabeji?"

Baba ya yi dariya, ya ce ai yana da itacen shayi da ransa a ɗakin gilashi a bayan gidansa.

"To, mu dai ji muke yi," in ji ta. "An ce har kada gare ka a zaure. Mu nan ƙasan tudu in muka ga kyanwa mai ƙafa uku, mun samu abin hira na wata guda."

Matan suka fashe da dariya, shi ma ya taya su. Washegari ya aika a kira magina. Ya sa aka fasa bangon da ke tsakanin manyan ɗakunan ƙasa, aka ƙara wani dogon ɗaki mai tagogi a rufi, mu kuma muka tattara muka koma saman bene. Ni Philippa, 'yarsa tilo, lokacin na wuce shekara ashirin, ni ya ɗora wa rubuta sunan kowane abu da ƙasar da ya fito. Da bazara ta shigo aka buɗe ƙofa, Laraba da Asabar, kyauta.

Mutane sun zo, amma ba waɗanda Baba ya yi abin dominsu ba. Matan likitoci da lauyoyi ne suke hawowa da laimarsu, su zaga, su yaba, su tafi. Baba ya yi ta leƙen hanya bai ga ko lebura ɗaya ba. Da ya gaji ya je ya tambayi Misis Gudgeon abin da ya hana ta zuwa bayan ita ta tsokano zancen. Ta dube shi kamar mai duban yaro ƙarami, ta ce ran Laraba tana masa aiki, ran Asabar tana masa aiki, masu sauke kaya a tasha kuwa sai duhu ya shiga suke tashi. Lahadi kaɗai talaka yake da ita.

Nan matsalar take. Garinmu yana da tsohuwar doka da ta hana buɗe duk wani wurin kallo ranar Lahadi, shugaban majalisar gari kuwa Mista Septimus Pilbeam ne, mai sayar da igiya da kayan jirgi, dattijo a cocinmu kamar yadda Baba yake. A lungu ɗaya suka taso, benci ɗaya suka zauna a makaranta, kuma tun suna yara ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Mutum ne mai gaskiya, ba ya cin haƙƙin kowa, amma in ya kafe a kan abu ko doki ba ya janye shi.

Baba ya je gaban majalisa ya roƙi a ɗaga masa ƙafa, a bar shi ya buɗe da yamma bayan an tashi daga coci. Ya ce gidajen giya a buɗe suke ran Lahadi, ba wanda ya ce komai, amma wurin da mutum zai kai 'ya'yansa su ga ikon Allah a jikin tsuntsu da kifi shi ne za a garƙame. Mista Pilbeam ya ce gidajen giya ma da son ransa ne da an rufe su, kuma ba a gyara ɓarna da wata ɓarna. Ya ce ranar hutu ranar Ubangiji ce, ba ranar kallon gumakan wasu ƙasashe ba.

"Ka taɓa ganin gumakan nan, Sep?" Baba ya tambaye shi.

"Ba na bukata, Barney. Na san halinka tun kana tara ƙwaro a aljihun wando."

Aka kaɗa ƙuri'a, Baba ya faɗi warwas. Abin bai tsaya nan ba. Dattawan coci suka sauke shi daga kujerarsa, wasu kantuna na mutanen cocin suka kwashe shuɗin ƙunshi daga kan kanta. Asarar cinikin ba ta dame shi ba kamar kujerar, domin a cocin nan aka ɗaura masa aure, a nan aka binne iyayensa. Ya daina zuwa masana'anta da sassafe, sai ya zauna a dogon ɗakin yana kallon akwatunan gilashi kamar mai gadin maƙabarta.

Mama ba ta ce komai ba tun farkon rigimar, ni kuwa na ɗauka a zuciyarta tana tare da dattawan, don ba ta taɓa ko ɗinke maɓalli ranar Lahadi ba. Wata safiya muna karin kumallo, ta gama shafa wa burodinta man shanu, ta ajiye wuƙar, ta tambayi Baba ainihin abin da dokar ta ce. Ya faɗa mata, wurin kallo, ko na kuɗi ko na kyauta.

"To, Maigida, akwai inda ta hana mace ta gayyaci baƙi shan shayi a gidanta?"

Baba ya ɗago kai.

"Gidana ne," in ji ta. "Ni nake share shi. In baƙona ya sha shayi ya ga kada a zaure, ba ni da ikon rufe masa ido."

Ya tambaye ta baƙi nawa take nufi. Ta ce duk wanda ya zo. Sannan ta gindaya sharuɗɗanta: ba za a buɗe ƙofa ba sai an tashi daga sujada, ba ma'aikacin da za a sa aiki ranar, duk gashi da toye-toye za a gama su ran Asabar, ita da ni da 'yan'uwanta mata mu za mu zuba shayi da hannunmu. Shi kuma aikinsa hura wuta da ɗibar ruwa. Baba ya tashi ya zagayo tebur ya sumbaci goshinta a gaban mai aikinmu, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ta ture shi ta ce shayinsa na hucewa.

A makon nan kowane shuɗin ƙunshi da ya fita daga masana'anta yana ɗauke da ɗan kati a ciki, cewa Misis Ockenden tana gayyatar mai wannan gida da iyalinsa shan shayi ran Lahadi da yamma. Muka aro kofuna daga duk dangin da muke da su, aka kawo manyan tukwanen ƙarfe daga masana'anta aka girke a tsakar gida. Masu gashin burodi uku suka yi mana aiki ran Asabar har ƙamshin kek ya cika tudun.

Ran Lahadi da safe Mama ta sa baƙar rigarta ta tafi coci kamar kullum, ni ina biye da ita. Mutane suka riƙa kawar da kai. Da aka tashi ta tsaya a bakin ƙofa tana gayyatar kowa ɗaya bayan ɗaya, har da Mista Pilbeam. Ya ce mata zai zo, amma da ɗan sanda. Ta ce madalla, ta tambaye shi ɗan sandan yana shan sukari ko ba ya sha.

Da azahar aka soma yayyafi. Lokacin buɗewa ya yi, hanya fayau ba kowa. Baba yana tsakar gida ya naɗe hannun riga, fuskarsa duk baƙin kwal, yana ta duban ƙasan tudu. Ƙanwar Mama ta ce ƙila tsoro suka ji, talaka bai saba shiga irin gidan nan ta ƙofar gaba ba. Ina cikin tunanin yadda za mu yi da tulin kek ɗin nan sai na hango wata jar hula tana hawowa. Misis Gudgeon ce, ta ci ado, jikokinta suna riƙe da gefen rigarta. A bayanta matan masana'anta, a bayansu mazajensu, sannan masu sauke kaya da masunta da masu wanki, kowa cikin tufafinsa na Lahadi, yara an wanke musu fuska har tana ƙyalli. Layin ya miƙe tun daga ƙofarmu har ya ɓace a kwanar kasuwar kifi. Ashe taruwa suka yi a ƙasa, ba wanda ya yarda ya fara hawowa shi kaɗai.

Mama ta tsaya a bakin ƙofa tana gaisawa da kowa hannu da hannu. Maza suka cire huluna, suna ta goge takalma a kan tabarmar ƙofa har na ji tsoron za su huda ta. Da farko raɗa-raɗa suke yi kamar a coci. Wani yaro ne ya ga kadan ya kurma ihu ya ɓuya a bayan uwarsa, aka yi dariya, daga nan bakin kowa ya buɗe. Wani mai sauke kaya ya nuna wa abokinsa wata fuskar katako mai manyan haƙora ya ce ga surukarsa nan an kawo ta, abokin ya ce a'a, wannan ai murmushi take yi. Na zuba shayi har hannuna ya yi sanyi.

Misis Gudgeon ba ta tsaya kallon komai ba, kai tsaye ta nemi ɗakin gilashi. Baba ya bar wutarsa ya raka ta. Ta daɗe tsaye gaban ɗan itacen, ta shafa ganyensa mai sheƙi da yatsa, ta ce ashe kore ne. Baba ya tsinko mata toho ɗaya. Ta soke shi a jikin hularta ta fita tana nuna wa matan.

Akwai wasu 'yan jirgi mutanen Bengal da ke zaune a gidajen haya kusa da tasha, su ma sun zo, suna raɓe a gefe. Wani tsoho a cikinsu mai suna Kalimuddin ya tsaya gaban akwatin kayan kiɗa ya ƙi motsawa. Akwai wata 'yar garaya a ciki mai kan tsuntsu, ya ce irinta mahaifinsa yake kaɗawa a kan kwale-kwale, rabonsa da ganinta tun yana saurayi. Baba ya zaro mabuɗi ya buɗe akwatin ya miƙa masa. Tsohon ya zauna a ƙasa ya ɗaɗɗaure tsirkiyar, ya soma kaɗawa a hankali yana rera wata waƙa da harshensu. Ba wanda ya san abin da yake faɗa, amma dogon ɗakin nan ya yi tsit, mata suna riƙe da kofuna sun manta da su.

Ana cikin haka Mista Pilbeam ya shigo, wani sajan na 'yan sanda yana biye da shi. Ya dubi taron, ya dubi mai kiɗan, ya ce wa sajan ya ga dai abin da ake yi da idonsa. Sajan ya tambayi Mama ko an karɓi kuɗi a ƙofa, ta ce a'a. Ya tambaya ko waɗannan duk baƙinta ne, ta ce kowannensu, har da shi, ta ɗora masa kofi a hannu. Ya tsaya da kofin yana duban shugaban majalisa, ya ce shi dai a iya saninsa ba a kama mutum don ya yi baƙi da yawa.

Mista Pilbeam ya buɗe baki zai yi magana, sai wata siririyar murya ta fito daga kujerar da ke kusa da murhu.

"Septimus, cire hularka. A gidan mutane kake."

Mahaifiyarsa ce, tsohuwa tukuf wadda ta yi shekaru ba ta fita ko'ina sai coci. Ita ma ta samu kati a cikin shayinta, ta sa maƙwabta suka turo ta a keken guragu. Ya cire hular, ya sunkuya yana tambayarta cikin raɗa abin da ya kawo ta nan ranar Lahadi. Ita kuwa kunnenta ya yi nauyi, da ƙarfi take magana. Ta ce mahaifinsa ya ƙare rayuwarsa a jirgin farautar ƙaton kifin tekun nan da ake kira whale, in ya dawo yakan ba ta labarin tsuntsun da bakinsa ya fi jikinsa girma da kwale-kwalen fata, ita kuwa tana ce masa maƙaryaci har ya mutu. Yau ta gan su duka biyun. Ta ce ya tura ta ɗaki na gaba, ta ga sauran ƙaryar ubansa.

Ya kama keken ya tura. Da suka zo wucewa ta gaban Baba, bai dube shi ba, ya ce, "Fuskarka duk baƙin kwal, Barney." Baba ya ce ya sani.

Haka Mama ta ci gaba da yin baƙi kowace Lahadi, rani da damina. Wasu dattawan ba su taɓa yafe mana ba, akwai iyalan da har yau ba sa gaishe ni. Amma kantunan da suka kwashe shayinmu sun mayar da shi da kansu, don mata sun riƙa juyawa suna tafiya wani kanti. Limamin cocin ya lura cewa benci na baya, wanda da ba kowa, ya fara cika da safe da mutanen da ke son su wuce tudu da yamma cikin kayan adonsu. Shekara ba ta zagayo ba majalisa ta sake zama a kan dokar, aka cire gidajen tarihi da ɗakunan karatu daga cikinta. Mista Pilbeam bai goyi baya ba, bai kuma hana ba, ya zauna yana duban rufi har aka gama ƙirga hannuwa.

Da Baba ya tsufa ya mallaka wa garin gidan gaba ɗaya, da lambun, da duk abin da ke ciki, ya kuma ware wani kaso na ribar shayi don kula da shi. Sharaɗinsa shi ne kada a taɓa karɓar ko kwabo a ƙofa. Ranar miƙa mabuɗi aka rufe makarantu, 'yan badujalar masu sauke kaya suka hau tudu suna busa, tutoci tun daga tasha har ƙofarmu. Baba ya yi niyyar dogon jawabi, da ya tashi ya ga taron sai ya ce kawai gida nasu ne, su shiga.

Da yamma, taro ya ragu, ina rufe tagogi sai ga Mista Pilbeam yana dogara sanda, da wani abu a naɗe cikin hankici. Ya ajiye a gaban Baba. Haƙorin whale ne, mahaifin Mista Pilbeam ya zana hoton jirginsu a jiki da tsinin allura. Ya ce a gida ba mai kallonsa, a nan kuwa ƙila wani ya gani. Baba ya juya shi a hannu ya ce aiki ne mai kyau, ya tambaya ko a rubuta sunan wanda ya bayar.

"A rubuta sunan wanda ya zana," in ji Mista Pilbeam. "Kuma kada ka ajiye shi kusa da gumakan nan naka."

Suka shiga dogon ɗakin tare neman inda za a sa shi, ina jiyo su suna gardama a kan wace taga ta fi haske.